Idan Sabis Ya Ɗauke: Oba-Oba Tsakanin Dodoru Da Kalgo

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai yada zango a Dodoru, cikin ƙaramar hukumar Gwandu ta jihar Kebbi, sannan ya gangara fadamar Kalgo. Maganar kuwa ta wata 'yar na'ura ce da kowa ya sha gani a kafaɗar ɗan sanda, amma ba kowa ya taɓa tambayar yadda take aiki ba. Ita ce oba-oba, da sauran danginta.

(Kiɗa ya lafa)

A Dodoru, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, wayar hannu ta riga ta zama ƙafar kowa. Mai albasa yakan ji farashin Aliero kafin ya ɗora buhu a mota. Mai haƙuri yakan kira ɗan acaɓa da tsakar dare idan naƙuda ta kama iyali. Mai POS kuwa, in babu sabis, sai ya naɗe tabarmarsa. Duk wannan harka a rataye take a wuyan dogon ƙarfen nan da ke bayan gari, shi kuma ƙarfen a rataye yake a wuyan man dizal, da batir, da wata igiya da aka binne a gefen titi wadda lebura ɗaya da diga zai iya tsinkewa bai ma sani ba.

Mutanen arewa maso yamma sun ɗanɗana abin da ake nufi. Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. An ce mako biyu ne. A ƙauyuka sai da abin ya kai ƙarshen Nuwamba. Mutanen Gusau har Funtuwa suke shiga mota don su buga waya ɗaya su komo. Katsina ta bi sahu da ƙananan hukumomi 13, Sakkwato da 14, ciki har da Tambuwal, maƙwabciyar ƙasar Gwandu, da kuma Goronyo.

A riƙe sunan Goronyo ɗin nan. Can ne babbar madatsar ruwan gulbin Rima take, kuma ruwan da aka saki daga can shi ne yake bi ta Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya zo Kalgo kafin ya wuce Bunza ya faɗa kogin Kwara. A Satumbar 2010 wannan ruwa ya karya gadar da ke zuwa jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi. A 2020 kuma hukumomin Kebbi sun ce ambaliya ta shanye shinkafa kimanin hekta 450,000. Wato a 2021 an kashe waya a ƙaramar hukumar da madatsar take, a daidai watan da gulbi yake cika ya batse. Allah Ya kiyaye, amma lissafin bai yi wa manomin fadama daɗi ba.

Ba sai gwamnati ta kashe da hannunta ba ma. A tsakiyar Satumbar 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, ta ƙone manyan taransifoma biyu, sassan Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka kwana cikin duhu. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, mutum yana Gwandu tura kuɗi ya gagare shi. Lambar neman agaji ta 112 ma, da sauƙin haddacewarta, sai da sabis take shiga.

To in ƙarfe ya yi shiru, da me za a yi magana?

(Gajeren kiɗa)

Sunan oba-oba daga bakin masu amfani da ita ya fito. Na'urar ba ta iya magana da sauraro lokaci guda, sai mutum ya danna maɓalli ya faɗi tasa, ya ce "oba", wato na gama, sannan ya saki ɗaya ya amsa. Bahaushe ya ji ana ta oba, oba, ya raɗa mata suna. Bambancinta da wayar hannu shi ne ba ta da ɗan aike a tsakani. Murya daga eriyar wannan take tashi ta sauka a eriyar wancan. Babu kati, babu layi, babu kamfani. Kuma duk wanda ya kama mitar zai ji, ko mutum hamsin ne, abin da waya ba ta iyawa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi yawa a kasuwanni yanzu ita ce ƙirar China, musamman Baofeng UV-5R da ta fito wajen 2012. Ƙarfinta wat huɗu zuwa biyar, tana da tocila a ka, tana kama tashoshin FM, kuɗinta kuma bai kai na babbar waya ba. Sai dai a nan ne mai saye yake shan mamaki. A jikin kwalin wasu irinta akan rubuta nisan da ba a samunsa sai in mutum biyu suna kan duwatsu suna hangen juna. A cikin gari, tsakanin katangu da itatuwa, in aka samu kilomita biyu zuwa biyar an gode Allah.

Dalili kuwa, irin wannan igiyar rediyo miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ita kuma ƙasa a lanƙwashe take. Masana suna da ɗan lissafi mai sauƙi: eriyar da ke daidai kan mutum a tsaye tana hangen kimanin kilomita biyar, wadda aka ɗaga mita 30 sama kuwa tana kai kilomita 22 ko fiye. Tsawo ya fi ƙarfi amfani. Wanda ya taɓa hawa dogon yaro ko tudun bayan gari yana neman sabis ya riga ya san wannan darasi, ba a makaranta ba. Ɗan ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, wajen santimita 50, in aka ɗaure shi a kan gora bisa soro ko tankin ruwa aka jawo waya zuwa na'urar, sai ya mayar da oba-obar unguwa ta zama ta gunduma.

Daga Gwandu zuwa Kalgo kuwa kimanin kilomita 50 ne a miƙe. Oba-oba ta hannu ba za ta kai ba ko an yi ta ihu a cikinta. A nan ake buƙatar abin da masu sana'ar suke kira rifita. Duk wanda ya taɓa sallar idi a sahun baya ya san aikinta: liman ya yi kabbara, ladan ya ɗaga murya ya jiyar da na nesa. Rifita na'ura ce da ake kafawa a wuri mai tsawo, ta karɓi murya a mita ɗaya, nan take ta sake ta a wata da ƙarfi. Da faifan sola da batir take rayuwa. Guda ɗaya a wuri mai kyau tana iya haɗa garuruwan da ke nisan kilomita 30 zuwa 50 da ita ta kowace fuska, gwargwadon tsawon da aka ba ta.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan nisa, wadda dattawan ƙasar nan suka fi jikokinsu sani. Ita ce gajeren zango. Tun 1957 da BBC ta fara magana da Hausa, sannan Jamus a 1963, mutanen karkara suke murɗa akwati suna neman mita 16 da mita 19 da mita 41. Sun san cewa tashar da ke shigowa ras da asuba tana iya ɓacewa da hantsi. Abin da ke faruwa shi ne, can sama, kilomita ɗari zuwa ɗari huɗu, akwai wani rufin iska da rana take cajawa, igiyar gajeren zango ta doke shi ta dawo ƙasa. Mai ƙaramar tashar gajeren zango yana iya ɗaura waya mai tsawon mita 20 tsakanin itatuwa biyu, ba da tsawo sosai ba, muryarsa ta tashi sama kusan tsaye ta zubo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke kewaye da shi har ɗaruruwan kilomita. Da rana ana amfani da mita 40, da dare a koma mita 80. Da haka mai magana daga Dodoru zai iya jin Goronyo, da Kalgo, da Yawuri, da Dosso ta Nijar, ba ƙarfe ko ɗaya a tsakani, batirin mota kawai a gefensa.

(Gajeren kiɗa)

A duniya akwai mutanen da wannan harka ita ce abin sha'awarsu, kamar yadda wani yake kiwon tantabara ko doki. Ba kuɗi suke nema da ita ba, doka ma ta hana su. Sukan yi jarrabawa, gwamnati ta ba su lasisi da lambar kira, su haɗa na'ura a ɗaki su riƙa gaisawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925, shi ya sa kowace 18 ga Afrilu take zama ranarsu. Daga farkon lamba ake gane ƙasar mutum: 5N Najeriya, 5U Nijar, TY jamhuriyar Benin. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1, kuma talaka daga ko'ina yana iya kiransa su gaisa ba fadawa a tsakani. Rajiv Gandhi na Indiya ma haka, da VU2RG. Najeriya tana da tata ƙungiyar, NARS, tun farkon shekarun 1960, sai dai 'yan ƙungiyar ba su da yawa, a arewa kuwa sai an tona.

Ranar wahala ake gane amfaninsu. Lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tekun Indiya ranar 26 ga Disamba, 2004, wata mata 'yar Indiya, Bharathi Prasad, tana tsibirin Andaman da tawagarta, sun je ne kawai don sha'awar a ji muryarsu daga wuri mai wuyar samu. Wayoyi suka mutu. Tashar wasan nan tasu ta koma hanyar aika saƙon masu rai zuwa ga danginsu. A girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu, 2023, 'yan ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasar sun yi irin wannan aiki tare da masu ceto. Dokokin rediyo na duniya, tun gyaran 2003, suna ƙarfafa wa gwamnatoci guiwa su bar waɗannan mutane su shirya wa ranar bala'i, har an ware mitocin da ake taruwa in abu ya faru, irin su kilohaz 7110 da 14300.

Amma misalin da ya fi kama da halin ƙauyukanmu daga Kwango yake. A tsakiyar Disambar 2009 mayaƙan LRA na Joseph Kony suka shiga yankin Makombo, a arewa maso gabashin ƙasar, suka yi kwana huɗu suna bin ƙauye bayan ƙauye. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 321 da aka kashe. Abin takaicin, da ƙafa maharan suke tafiya, amma babu yadda ƙauyen farko zai gaya wa na gaba. Duniya ma sai bayan wata uku ta ji cikakken labari. Daga 2010 sai cocin Katolika ta Dungu da ƙungiyar Invisible Children suka faɗaɗa wani tsari: kowane ƙauye a ba shi rediyon gajeren zango guda, da sola, jama'ar gari su zaɓi amintattun da za su riƙe shi. Sau biyu a yini kowa yake hawa mita, a kira sunan gari, mai riƙe da na'ura ya faɗi abin da ke akwai, ko da lafiya lau ce. Garin da aka kira bai amsa ba, shirun nasa ma labari ne.

Wannan kiran suna na kullum shi ne ƙashin bayan abin, ya fi na'urar kanta muhimmanci. Oba-obar da aka saya aka jefa a durowa sai ranar tashin hankali, ranar za a tarar batir ya kumbura, wanda ya san mitar ya tafi ci-rani Legas, na ɗaya gefen kuma bai kunna tasa ba. A ƙasar da salloli biyar suka riga suka yanka wa kowa yini, sa lokaci ba wuya: bayan asuba da bayan isha'i, minti biyar-biyar. Tsarin shugabancin ma yana nan tun kafin zuwan Bature. Tun zamanin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake Gwandu wasiƙa take tafiya a kan doki tsakaninsa da Sakkwato, tambari da kuge suna tara jama'a, mai yekuwa yana zaga gari. Har gobe labari daga mai unguwa yake hawa zuwa hakimi, zuwa uban ƙasa. Abin da ya rage shi ne a sa wa wannan tsani murya mai saurin da ya fi na ruwa.

(Gajeren kiɗa)

Saura ɗaya daga cikin dangin, wadda ake kira sikana. Ba ta asibiti ba ce da ake duba juna biyu. Wannan rediyo ce mai kunne ba baki: tana lalube cikin ɗaruruwan mitoci a 'yan daƙiƙoƙi, in ta ji ana magana ta tsaya. Mai ita a kusa da Ambursa zai iya jin matuƙin jirgi yana magana da hasumiyar filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, domin jirage tsakanin megahaz 118 da 137 suke magana, kuma daga sama murya tana kai nisa. A Amurka, inda hukumar yanayi take da tashoshinta masu faɗin gargaɗi dare da rana, sikana tana da amfani a gida. A nan kuwa amfaninta bai kai can ba. Ba ta jin hirar wayar hannu, wannan a kulle take. Wanda ya ce zai sayar wa mutum na'urar jin wayar maƙwabci a kuɗin buhun gero, kuɗin kawai yake so. Gargaɗin ambaliya da hukumomin NIHSA da NiMet suke fitarwa kuma ta gidajen rediyo yake iso wa jama'a, irin su Rediyon Kebbi da Equity FM. Saboda haka ƙaramar rediyo mai batir ko mai sola ta fi sikana amfani ga magidancin Kalgo nesa ba kusa ba. Mutanen Bankilare a jihar Tillaberi ta Nijar sun gane haka tun 1999, lokacin da suka kafa 'yar tashar FM mai aiki da hasken rana, aka raba rediyo masu wani hannu da ake wanawa, labarin ruwan sama yana isa ga makiyayi da harshensa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Ba a hawa iska haka kawai. Dokar wayar iska ta 1961 ta ce sai da lasisi ake kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta rediyo, kuma lasisin irin wannan aiki da ba na kasuwanci ba daga ma'aikatar sadarwa ta tarayya yake fitowa. Baofeng tana iya shiga mitocin da ba na mai ita ba, har da na jami'an tsaro da na jiragen ruwa, kuma yaro mai wasa da maɓalli zai iya toshe kiran da rai ya rataya a kansa. Sauraron layin jami'ai da yaɗa abin da aka ji shi ma jawo wa kai magana ne.

Bayan doka akwai halin da ake ciki. Lokacin da aka rufe layuka a 2021, rahotanni sun nuna 'yan bindiga sun koma oba-oba, na bakin iyaka kuma suna kama sabis ɗin Nijar. Sau da yawa in jami'ai suka baje kayan da suka ƙwace, akan ga oba-oba kusa da bindiga. To saurayin da aka tsayar a shingen bincike da ita cikin aljihu, ba takarda, ba wanda ya san da shi, kafin ya gama bayani an riga an kira shi infoma. Kuma tunda duk mai irin na'urar yana iya ji, ba wurin faɗin inda aka ɓoye shanu ba ne ko ranar da za a kawo kuɗin taki. Garin da ke son wannan tsari, ta ƙofa zai shiga: uban ƙasa ya sani, DPO ya sani, ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha su sa hannu, a nemi mita da lasisi da sunan ƙungiya, a rubuta sunan duk wanda aka damƙa wa na'ura. Jami'ar tarayya da ke Kalgo, da ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, duk suna da ɗaliban kimiyya da fasaha da haɗa eriya ba zai gagare su ba. Kulob ɗaya mai lasisi a ɗaya daga cikinsu ya isa ya horar da masu riƙe na'ura na gundumomi da dama.

Batun wuta kuma da sauƙi fiye da yadda ake zato, in an san lissafi. Sauraro ba ya cin batir sosai, magana ce take ci. Oba-oba ta hannu tana iya yini tana saurare a caji ɗaya, amma mai surutu zai kashe ta kafin azahar. Babbar tashar gajeren zango mai wat 100 takan ja wajen amfiya 20 in ana magana, in ana saurare kuwa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa masu abin suke rubuta saƙo a takarda kafin su danna: wane ne, daga ina, me ya faru, mutum nawa, me ake buƙata. Ba a fara da ina gajiya da ina iyali, duk da dai wannan ita ce ƙa'idar da ta fi yi wa Bahaushe wuya. Faifan sola ɗaya irin na masu cajin waya a bakin kasuwa, da batirin mota mai lafiya, sun isa su riƙe tashar gari. Eriyar da ke kan soro kuwa, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a cire wayarta daga jikin na'ura a ajiye ta nesa da mutane, domin watannin da aka fi buƙatarta, Agusta da Satumba, su ne kuma watannin tsawa.

(Kiɗan rufe shiri ya fara tashi a hankali)

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya.